Tsatsar Cikin Tanki da Halin da Baburan Gwarzo da Kabo Ke Ciki

Daga Rimin Gado zuwa Kabo, daga Gwarzo har bakin iyakar Katsina ta wajen Dayi, babu wata na'ura da ta kutsa cikin rayuwar talaka kamar babur. Shi ne ya gaji jaki wajen dakon taki zuwa gona da kwaso amfani zuwa gida. Shi ke kai buhun masara kasuwar Getso, shi ke ɗauko malamin firamare daga cikin gari zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, kuma idan naƙuda ta zo da gardama a tsakar dare, a bayansa ake goya mace zuwa babban asibitin Gwarzo. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gwarzo mutum sama da 180,000, ta ba Kabo sama da 150,000, kuma mafi yawan waɗannan bayin Allah ba a bakin kwalta suke zaune ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar babur a wannan yanki ya taɓa abincin gidaje masu yawa, wani lokaci ma har da rayuka.

Abin da nake so mu duba a yau ƙarami ne a ido, har mai yiwuwa wani ya ce bai kai a ɓata masa shafin ra'ayi ba, alhali ga batun tsaro da na tsadar rayuwa suna jira. Batun kuwa shi ne tsatsar da ke cin cikin tankin man babur, da yadda ake wanke ta, da yadda ake shafe cikin tankin don kada ta dawo. Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri, domin a ganina wannan 'yar tsatsa tana da dangantaka ta kusa da tsadar da ake kuka da ita, tana kuma tona giɓin da ke tsakanin ilimin da ke cikin littattafanmu da wanda ke hannun masu sana'armu.

Baburan da ke yawo a wannan yanki iri-iri ne, kowanne da zamaninsa. Iyayenmu sun hau Honda da Vespa da Yamaha da Suzuki a shekarun 1970 da 1980, lokacin da babur yake alamar ma'aikacin da ya karɓi bashin abin hawa. Kamfanin Honda ma ya fito da samfurin CG125 ne a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, inda aka lura ba a cika kai inji wurin gyara ba sai ya tsaya cak. Daga baya Jincheng da 'yan uwansa na ƙasar Sin suka mamaye kasuwa saboda araha, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya zama dokin 'yan acaɓa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana sana'ar acaɓa, hanin da ya fi kankama a birni da kewayensa. Baburan da suka rasa aikin yi a Kano da yawansu ƙauye suka nufa, wasu tare da masu su, wasu ta hannun dillalai, wasu kuma sai da aka jingine su a zaure wata da watanni, tanki wayam, kafin a sami mai saye. Duk da bambancin waɗannan babura, abu ɗaya ya haɗa mafi yawansu: tankinsu falle ne na ƙarfe da kaurinsa bai wuce milimita guda ba, wanda aka matse aka haɗe da walda. Waje an yi masa fenti mai ɗaukar ido. Ciki kuwa, in an yi sa'a, ɗan shafi ne marar kauri. In ba a yi ba, ƙarfe ne tsirara.

Bahaushe ya ce tsatsa ta ci ƙarfe, kuma a nan kalmar ci, wadda muke ɗora wa kaya iri-iri tun daga cin tuwo har cin zaɓe da cin amana, ta faɗa daidai gurbinta. Ƙarfen ne da kansa ke rikiɗa ya zama wannan jan gari, idan ya haɗu da iskar oksijin a inda akwai ruwa. In aka rasa ruwa, ko aka rasa iska, abin ba ya tafiya. Alminiyam ma yana haɗuwa da iska, amma fatar da yake yi siririya ce mai kama jiki, tana kare abin da ke ƙarƙashinta. Ta ƙarfe kuwa mai kumbura ce, mai riƙe damshi kamar soso. Tana ɓamɓarewa ta faɗi, ta bar sabon ƙarfe a fili. Shi ya sa in ta fara ba ta tsayawa don kanta.

Shi fetur tsantsa ba ya kawo tsatsa. Hasali ma duk inda ya jiƙa bangon tanki kariya yake ba shi. Matsalar ita ce ruwa ya fi shi nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kusan kashi uku ne cikin huɗu na kilo, kuma ba sa gauraya. Don haka ko cokali guda na ruwa ya shiga tanki, nutsewa zai yi ya kwanta a mafi ƙasƙancin wuri, wato a kwarin nan biyu na dama da hagu inda aka yi waldar haɗi, man da ke samansa kuma ya hana shi bushewa. A nan zai zauna yana aikinsa shiru, mai babur yana can yana goge waje da tsumma.

To, ta ina ruwan ke shiga? Hanya ta farko ita ce numfashin tankin kansa. Murfin tanki yana da 'yar kafar da iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. In ba don ita ba man ba zai gangaro ba. Da rana tanki ya ɗau zafi, abin da ke cikinsa ya buɗe ya fita. Da dare ya huce ya zuƙo iskar waje. A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, wannan iska cike take da laima, kuma idan ta taɓa bangon ƙarfe mai sanyi sai ta yi raɓa, kamar yadda gumi ke keto wa kwalbar ruwan sanyi. Abin da ke taruwa a dare ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma damina wata huɗu ce, kuma ruwan da ya sauka ƙasa ba ya komawa. Hanya ta biyu ta fi wannan sauri: robar bakin murfi idan ta tsufa ta tsage, ruwan sama yana bi ta nan, haka ma ruwan wanki, musamman ga masu gangarawa da babur bakin rafi ko bakin madatsar Guzu-Guzu su yi ta sheƙa masa bokiti.

Hanya ta uku ita ce man da kansa. A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, 'yan bumburutu ne ke riƙe da jama'a, kuma ba na cikin masu zaginsu, domin in suka tashi daga bakin hanya rabin zirga-zirgar yankin ta tsaya. Sai dai man da ya bi ta durom, ya shiga jarka, ya koma galan, ya ƙare a kwalba, ya ratsa mazubai huɗu, kowanne kuwa da abin da ya kwanta a gindinsa. Ba sai mai sayarwa ya yi algus ba; jarkar da ta kwana a waje baki buɗe ta isa. Rumbun mai na ƙarƙashin ƙasa a gidajen mai ma yana tara ruwa in ba a kula da shi. Bugu da ƙari, akwai batun giyar sinadari da ake gauraya wa fetur. Tun 2007 Nijeriya ta fitar da manufar man tsirrai wadda ta yi tanadin gauraya kashi 10 cikin 100 na etanol, kuma mai karatu zai tuna da dambarwar Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, har aka janye shi aka shiga dogayen layuka. Waɗannan sinadarai biyu halinsu ɗaya ne a nan: suna jan ruwa daga iska su riƙe shi a cikin mai, idan ya yi musu yawa kuma su sake shi, su kwanta tare a gindin tanki.

A nan ne tsatsa ke haɗuwa da aljihu. Tankin da yake cike ba shi da wurin iska, bangonsa kuma a jiƙe yake da mai. Tankin da ke ɗaukar lita goma ko fiye, amma kullum lita ɗaya ko biyu ce a cikinsa, mafi yawan bangonsa a fili yake. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, kuma a watan Oktoban 2024 ya tsallake 1,000 a wurare da yawa. Mutumin da a da yake cewa a cika, ya koma cewa a zuba na dubu. Ba shi da laifi, abin da ke hannunsa ke nan. Amma sakamakon shi ne tankunan talakawa sun koma rumbunan iska, kuma wanda bai da halin cika tanki shi ne zai riga kowa sayen sabo.

Akwai ma wani ƙarin. Famfon mai da ke gindin tanki baki biyu gare shi: dogon bututu da ke shan mai daga sama-sama, da gajere da ke sha daga can ƙasa, wanda ake juyawa a kai idan mai ya yi ƙasa, wato abin da masu babur ke kira rizab. An yi rizab ne don ya kai mutum gidan mai mafi kusa. Wanda ya mayar da shi wurin zama kuwa, kullum daga gindin tanki yake shayar da injinsa, daidai inda ruwa da garin tsatsa suka kwanta.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san su. Babur ya tashi lafiya, a yi tafiya kaɗan ya fara shaƙewa, a ja totur ya ƙi amsawa, ya mutu, a huta ya sake tashi. Ko kuma a wayi gari a tarar da mai yana ɗiga ta ƙarƙashin kafireto. Dalili kuwa shi ne, kafofin da mai ke bi a cikin kafireto ƙanana ne ainun: babbar ba ta wuce milimita guda ba a irin waɗannan babura, ƙaramar kuwa ba ta kai rabin haka ba. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe ƙaramar, ko ta tokare allurar da ke rufe mai idan kofin kafireto ya cika, sai man ya yi ta ambaliya. Injin da ba ya samun isasshen mai yana ɗaukar zafi fiye da ƙima, wanda ke ambaliya kuma kuɗi yake zubarwa a ƙasa. Daga ƙarshe fenti ya fara ƙuraje a gefen tanki, a taɓa a ji danshin fetur: tsatsa ta huda ke nan, a saman inji mai zafi, tsakanin cinyoyin mahayi.

Abin da aka saba yi a gareji shi ne a kwance kafireto, a wanke da fetur, a busa da baki, a canza fulogi, a karɓi kuɗi. Bayan mako biyu mai babur ya dawo da ƙorafi ɗaya, a sake. Na taɓa zama a wata rumfar gyara a kan hanyar Gwarzo ina jiran a yi mini faci, sai na ga an wanke wa wani dattijo kafireto, shi kuwa yana cewa wannan ne karo na uku tun shigowar damina. Yaron shagon ya tsiyayo man tankin a gwangwani ya nuna wa maigidansa, ja wur kamar ruwan kududdufi. Maigidan ya san abin da ya gani sarai. Amma wanke tanki aikin kwana biyu ne ko uku, dattijon kuma gobe kasuwa zai ci, don haka aka tace man da tsumma aka mayar. Ba jahilci ba ne ya yi aiki a wurin; lissafin talauci ne, na mai gyara da na mai kaya.

Idan tanki ya huje kuwa, dabarun da ake yi sun kasu. Akwai masu goga sabulu a bakin hujin, kuma dabarar tana da tushe, domin sabulu ba ya narkewa a fetur; amma yana narkewa a ruwa, don haka ruwan sama na farko zai tafi da shi. Akwai masu liƙa gam mai haɗi biyu ta waje, wanda kan riƙe na ɗan lokaci alhali ciki na ci gaba da ruɓewa. Sai kuma mai walda, kuma a nan ne nake so a saurara da kyau. Tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana kamawa ne idan ya kai tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da ɗoriya cikin 100 na iskar da ke wurin. Ɗan abin da ya maƙale a lungun tanki ya isa ya samar da wannan. Tsofaffin masu walda sun san haka, shi ya sa suke wanke tanki da ruwan omo sau da yawa, su cika shi da ruwa har kusa da wurin da za su yi aiki. Yaran da suka buɗe shago bayan wata shida na koyo su ne abin tsoro. Wasu kuma ruwan batir suke zubawa don ya cinye tsatsa. Yana cinyewa kam, har da ƙarfen, ga ƙona hannu da makantar da ido. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Aikin da ya dace ba shi da wani sirri, haƙuri kawai yake so. Ana sauke tanki a tsiyaye mai a wuri mai iska, nesa da murhu da masu shan taba. A cire famfon mai da duk wani abin da ba ƙarfe ba, domin ruwan tsami yana cin irin ƙarfen da ake zuba famfon da shi, a toshe gurbinsa. A wanke da ruwan zafi da omo har maiƙo ya fita, saboda babu maganin tsatsa da ke ratsa maiƙo. Daga nan a zuba notuna ko gutsuren sarƙa, a ƙirga su kafin a zuba don a tabbatar duk sun fito, a yi ta girgizawa har ɓawon tsatsa ya saki. Sannan a cika da ruwan tsami mai sauƙi. Ruwan khal na girki yana yi cikin kwana ɗaya zuwa uku, gwargwadon yadda tsatsar ta kama. Matan da ke goge tukunya da tsamiya ko lemon tsami ilimi ɗaya suke aiki da shi, ko da ba a taɓa gaya musu sunansa ba. Mafi dacewa dai shi ne asid ɗin fosforik, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke cikin lemon kwalba baƙi, domin bayan ya narkar da tsatsa yakan bar wata fata mai ruwan toka a jikin ƙarfe, wadda ke jinkirta dawowarta, kuma shafi yana kama ta da kyau.

Akwai wata hanya da nake ganin ta fi dacewa da garejinmu, saboda kayanta duk suna nan a gida. A cika tanki da ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace. A rataya guntun rodi ta bakin tankin yadda ba zai taɓa bango ba ko kaɗan. A ɗauko na'urar cajin batir, a maƙala baƙar waya a jikin tanki, ja kuma a jikin rodin. Lantarki zai riƙa ɓamɓare tsatsa daga bango, rodin kuma ya yi ta tara ƙazanta, ana ciro shi ana gogewa. Hanyar ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. Sharaɗinta uku ne: kada a juya wayoyin, domin in aka juya tankin ne zai ci kansa, kada a sa gishiri a madadin kanwa, kuma a yi a sarari, saboda kumfar da ke tashi iskar haidirojin ce mai kamawa da wuta. Ita kanwa, ko bayan wankin ruwan khal, tana da amfani wajen ɗauraya don kashe sauran tsamin, kuma da ita ya kamata a kashe ruwan da aka gama aiki da shi kafin a zubar, nesa da rijiya.

Matakin da aka fi yin sakaci da shi shi ne busarwa. Ƙarfen da aka wanke tas, in aka bar shi da danshi, kafin a yi sallah a dawo ya yi ja. Dole a busar da shi nan take, a kuma tabbatar lungunan walda sun bushe ƙarau, ko da iska mai ɗumi, ko da ɗauraya da sifirit wanda ke kwashe ruwa ya bushe da wuri. Ba a kanga shi a garwashi.

Daga nan sai a yanke shawara. In tsatsar sama-sama ce kuma babu huji, wanki ya wadatar: a cika da mai nan da nan, a sa 'yar matatar mai a jikin tiyo tsakanin tanki da kafireto. In ƙarfen ya zama rariya, a haƙura a nemi wani a Ƙofar Ruwa ko wurin masu kayan babur, a kuma haska cikin sabon da tocila kafin a biya, domin tankin da ya daɗe a shago ba mai a cikinsa yana iya zuwa da tasa tsatsar. Tsakanin waɗannan biyu ne shafin ciki ke da amfani, wato inda bango ya yi zanzana ko ya yi ƙananan huji kamar na allura. A Amurka da Turai, inda masu adana tsofaffin babura ba sa samun sabon tanki, akwai magungunan da aka yi musamman don wannan, irin su POR-15 da Kreem da Caswell. Wasu ruwa ɗaya ne mai daskarewa, wasu haɗi biyu ne da ake gaurayawa. Ana zubawa, a yi ta jujjuya tankin a hankali har ko'ina ya samu, a tsiyaye ragowar don kada ya taru a wuri ɗaya, a tabbatar kafar numfashi da gurbin famfo ba su toshe ba, sannan a bar shi ya ƙeƙashe na wasu kwanaki kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, wani har kwana huɗu. Fentin gida ko na mota ba ya maye gurbinsu, fetur zai narkar da shi. Kuma shafin da aka yi a kan maiƙo, ko tsatsa, ko danshi, saɓulewa yake yi kamar fatar maciji ya toshe komai, cire shi kuma ya fi wankin farko wuya. Wanda ba zai iya cika sharuɗɗan ba, gara ya tsaya a wanki.

Wannan shafi fa ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Marinan Ƙofar Mata da na garuruwan karofi sun daɗe suna shafe cikin rijiyar baba da laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato toka da dagwalon da aka kwaso daga gindin karofi aka ƙona, da gashin jima, da ruwan dafara. Magina kuma suna da makuba ta ɓawon ɗorawa da suke kare bango da ita daga ruwa. Duk maginin da ya san aikinsa zai gaya maka laso ba ya kama bangon da ba a share ba. Ƙa'idar ɗaya ce da ta tanki. Da za a tambaye ni sunan da ya dace da wannan aiki, da na ce a kira shi lason tanki, a ce an yi wa tanki laso, kuma ina da yaƙinin bakanike zai gane nufin tun kafin a gama bayani.

Na kawo batun suna ne saboda a nan ne fannina ya shigo. Garejin Bahaushe wuri ne mai ƙirƙirar harshe. Dubi kalmar bakanike kanta: daga makaniki ta fito, aron Ingilishi, amma kunnen Bahaushe ya sake mata tsari ya sa ta a sahun Bakano da Bakatsine, ya yi mata jam'i kanikawa, ya kuma fitar da kanikanci, kamar dai wata ƙabila ce mai garinta. Fulogi da fistin da bawul da salansa da totur duk sun zauna daram. Sai dai in mai karatu ya lura, abin da muka ara sunayen sassa ne, abubuwan da ake riƙewa a hannu a saya a sayar. Bayanin dalili, wato me ya sa raɓa ke sauka a cikin tanki, me ya sa tankin da ba mai ya fi fashewa, wannan ya tsaya a Turanci, a jikin gwangwani da cikin littafin da yaron gareji ba zai karanta ba. Mu masu nazarin harshe mun yi ƙoƙari a namu ɓangaren. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Abraham a 1949, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ɗalibin da ke son ya yi bayanin ɗafi da tsarin sauti da Hausa yana da kalmominsa. Yaron da ke riƙe da wutar walda a gaban tankin fetur shi ne har yanzu ba mu rubuta masa shafi goma da harshensa ba.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo. Ina ganin babu aikin da ya fi dacewa makaranta irin wannan ta fara gwada amfaninta ga maƙwabtanta da shi kamar ta tara shugabannin kanikawa da masu walda na Kabo da Gwarzo, malaman injiniya su zauna da malaman Hausa, a fitar da ɗan littafi mai hotuna, a kuma karanta shi a rediyo. Su ma 'yan siyasar da ke rabon babura a kakar zaɓe, da za su haɗa kowane babur da matatar mai da takarda guda ta bayani, da kuɗin bai kai na fosta ba. Masu sayar da kayan gyara kuma su sani akwai kasuwa ga maganin shafin tanki a ƙananan gwangwanaye, muddin an rubuta yadda ake amfani da shi da harshen mai saye.

Kafin a kai ga wannan, yanayinmu ya ba mu wata dama da Bature ba shi da ita. Daga Disamba zuwa Maris iskar wannan yanki a bushe take ƙarau, an gama girbi, aljihun manomi da ɗan nauyi, babur kuma yana iya hutawa kwana uku ba tare da gona ta ɓaci ba. Wannan ne lokacin wankin tanki da yi masa laso, a dai rufe bakinsa da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Wanda zai ajiye babur na wata ɗaya ko biyu ya cika tankin kafin ya jingine shi. Wanda zai daɗe fiye da haka ya tsiyaye man, ya busar, ya zagaya cikin da ɗan baƙin mai. Da damina kuwa, sau ɗaya a mako, a zare tiyo, a juya famfo zuwa rizab, a tari rabin kofi a farar kwalba a ɗaga ta sama a duba. In akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa da layinsa daban, sai a ci gaba da tsiyayewa har mai tsantsa ya fara fitowa.